Mas'uda da Lissafin Kuɗin Ruwa

A Sabon Garin Wudil an san Mas'uda da sanyin murya. Ma'aikaciya ce a wani ofishin kuɗi na gwamnati, ba ta gaggawa ko da layi ya kai bakin ƙofa. 'Yar malamai ce daga Kausani, gidan da ko gishiri aka ara, daidai shi ake mayarwa.

Da 'ya'yanta suka tasa, aka gaya mata ba za ta ƙara gaba a wurin aiki ba sai da difiloma ta akanta. Ta shiga karatun ƙarshen mako, aji ɗaya da sa'o'in 'yarta Lubna, suna kiranta Umma.

Aikin gida bai ba ta wuya ba. Riba da faɗuwa, kuɗin shiga da na fita, duk tana warware su tana jiran tuwo ya nuna. Abu guda ta ƙi. Duk tambayar da aka ce a lissafa kuɗin ruwa, sai ta tsallake, ta bar wurin fari fat.

Malaminsu, Malam Ɗayyabu, ya kira ta gefe.

"Umma, rabin jarrabawar fa a nan take."

"Malam, haramun ne. Hannuna ba zai shiga ciki ba."

"Ai ba ke za ki karɓa ba. Wani mutum ne a cikin littafi, shi ma ƙirƙirarsa aka yi."

"To ya lissafa abinsa."

Ta faɗi jarrabawar. Aka ce saura dama ɗaya, in ta sake faɗuwa, a kan tsohon teburinta za ta yi ritaya. Mijinta Maikano bai matsa mata ba. Ya daɗe da sanin matarsa.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ƙaninta Nu'uman ya shigo yana fara'a. Ya samu masu ba da rance, zai sayi babur ɗin Adaidaita Sahu.

"Ruwan ɗan kaɗan ne duk wata, Yaya. Kamar kuɗin shayi."

Ta jawo masa aya, ya ce lalura ce. Ta tuna masa da mahaifinsu, ya ce zamani ya canza. Can ta ce, "Lubna, miƙo mini littafin nan."

Ta buɗe babin da ta saba tsallakewa. Da yake ba ta taɓa karanta shi ba, sai da ta bi misalan a hankali, tana gogewa tana sakewa, Nu'uman yana cin gyaɗa yana tsokanarta wai akantar gwamnati ta maƙale. Wata a kan wata take ɗorawa, ruwa yana haihuwar ruwa. Ana kiran la'asar ta juya masa takardar. Lissafin ya nuna kafin ya gama biya, ya sayi babur ɗinsa, ya kusa saya wa masu rancen wani.

Nu'uman ya cire hula ya sosa kai.

"Yaya, sake dubawa dai."

Ta sake. Amsar ba ta motsa ba. Ya tattara ɓawon gyaɗarsa, ya tambaya ko akwai sauran gurbi a adashin unguwa.

Maikano, da ke alwala a tsakar gida, ya ce, "Hajiya, ashe kin iya."

"Mai son kashe maciji ai sai ya kalle shi," in ji ta, ba ta ɗago kai ba.

Ranar jarrabawa ba ta bar fili ko ɗaya ba. Bayan Babbar Sallah takardar ƙarin girma ta iso, aka mayar da ita ofishin ciki, mai fanka da labule. Mu maƙwabta muka je barka, ta sa aka dama fura, ta ce kowa ya ƙara.