Sallar Kujera

Tun da aka tsaga ƙirjina aka yi mini aikin zuciya, goshina bai sake taɓa ƙasa ba. Ranar sallama daga asibiti an ce kada in sunkuya, kada in ɗauki abu mai nauyi. Ban tambayi har yaushe ba. Sai na koma sallar kujera a ƙarshen sahu, a masallacin unguwarmu ta Ƙofar Marke, ni da na saba da sahun gaba.

Abin ya hana ni sakat. A shago in zauna in tashi, in warware turmin atamfa in sake naɗewa, ba don kowa ya taya ba. A gida in yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har maiɗakina ta ce zuciyar da aka gyara ta fi ta da zafi. Idan jama'a suka tafi sujada, ni kaɗai nake ragewa a sama ina kallon bayan mutane. Wallahi abin yana ci mini rai.

Amma duk ranar komawa asibiti, in aka ce, "Alhaji, ya jiki?" sai in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." To me zan ce? Wanda Allah ya tashi kafaɗunsa daga irin wannan ciwo ba ya zama yana jera ƙorafi. Haka aka rene mu.

Wata rana likitar da ke duba mu, sa'ar 'yata ta fari, ta tara mu da aka yi wa aiki. Ta ce suna shirya tambayoyin da za a riƙa auna warkewar marar lafiya da su, kuma mu ne za mu taya su tsarawa. A takarda dai duk mun warke, in ji ta, amma fuskokinmu ba su nuna haka ba.

Ta karanta ta farko: "Kana jin ciwo?" Muka haɗa baki, "Da sauƙi." Ta ajiye biro ta dafe kai. Ni kuwa sai karkaɗa ƙafa nake ina duban ƙofa, don a ganina ɓata lokaci ne.

Can ta ce, "To, na bar zancen jiki. Kowa shi gaya min abu guda da ya saba yi, yanzu ba shi yi."

Wani manomin shinkafa ya ce shiga fadama. Wata dattijuwa ta ce goya jikanta. Duk abin da aka faɗa, sai ta mayar da shi tambaya. Da aka zo kaina na yi niyyar cewa babu, sai na ji bakina ya ce, "Sujada."

"Baba, wa ya hana ka?"

"Ku kunka hana ni, ɗiyata."

Ta kai ni ɗakin dubawa, ta danna ƙirjina nan da can, ta sa na sunkuya na miƙe. Sannan ta ce, "Ƙashin ga ya haɗe tun bara. Hanin na kwanakin farko bayan aiki na." Muryarta ta yi sanyi. Haushi ya kama ni, na rasa ko ita zan ji wa ko kaina. Tana rubuta tambayata a cikin sauran na suri hulata.

Na tari ɗan kabu-kabu, ina ta azalzalarsa ya ƙara wa babur ɗin wuta. Na iske ana tayar da La'asar, na kutsa cikin sahu. Da liman ya yi kabbarar sujada na bi a hankali, gabana yana faɗuwa, har goshina ya sauka a kan tabarma. Babu abin da ya tsage. Hawaye suka kece mini.

Liman ya ɗago, jama'a suka ɗago, ni na kasa. Maƙwabcina wanzami, da ke kusa da ni, ya yanke sallarsa ya kama kafaɗata yana jijjigawa. "Alhaji! Alhaji!" Na ɗaga masa yatsa don ya san ina da rai, amma ban ɗago kai ba.