Warin Bagaruwa a Bakin Iyaka

Har gobe ba na manta ranar da hanci ya fitar da mu a kan iyaka, a garin Babban Mutum. Ku yaran yanzu ba ku san wannan hanya ba. Da damina ne, a farkon shekarun shari'a, ina tuƙa wa Alhaji Sani mota. Aikina in ɗauko jemammiyar fata daga Nijar in kawo wa dukawan Daura, su ɗinka takalma, rabin takalman kuma su sake tsallakawa can.

Dokar da ƙasashenmu suka yi a tsakaninsu ba ta da wuya. Amfanin gona, dabbobi da aikin hannu su wuce ba haraji. Kayan masana'anta kuwa sai da takardar da ta nuna inda aka yi su. Fatarmu aikin hannun majema ce, amma Alhaji da son girma ya sa aka buga tambarin kamfani a kowane ɗauri, da Turanci.

Da na iso iyaka, wani ƙaramin jami'in kwastan ya ga tambari, ya ce, "Direba, kayan kamfani ne. Ina takarda?"

Na ce, "Yallaɓai, wane kamfani? Rumfa ce da tabarma."

Ya ce shi abin da ya gani rubuce ya sani. Ga hadari ya haɗo, tamfol ɗina duk huji. Fata in ta sha ruwa ta yi fumfuna, ta tashi aiki, ga dukawa na jira Sallah ta matso.

Sai babbansu ya fito, wani dattijo mai furfura. Bai ko dubi tambarin ba. Ya zaro fata ɗaya ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa.

Ya ce, "Bagaruwa ce. Jimar kamfani warin magani take yi. Ubana majemi ne, cikin warin nan na girma." Ya juyo gare ni. "Ka gaya wa maigidanka ya bar ƙaryar arziki, ya kusa jawo wa kansa."

Ya sa aka buɗe mana hanya muka wuce. Muna shiga rumbun Alhaji ruwa ya kece.

Yau hanyar ta mutu, takalmin roba ya cinye kasuwa, Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abin da na koya shi ne, manya can sama suke sa hannu, amma yarjejeniya ba ta tsallakar da kaya sai ta sami wanda ya san kayan. Ni dai ko yau na ji warin bagaruwa, sai na tsaya.