Taken Kawu Illa

Ranar kasuwar Madawa ce, bayan girbi, shekarar da sojojinmu suka fara dawowa daga yaƙin Turawa. Na jawo kakata Hajo da sanda tun daga Galma, domin idanunta sun tafi, saura kunne. Ɗanta, kawuna Illa, yana cikin waɗanda aka kwasa soja, kuma tun tafiyarsa ko saƙon baki ba mu samu ba.

A garinmu kowane manomi yana da takensa. In ana gayya, mai gangar noma yakan bi bayan kunya yana kiran kowa da kiɗinsa, wanda aka kira ya ɗaga hauya ya yi kirari. Mu yara aikinmu kai fura gona da korar tsuntsaye, amma ni rabin wunina a gindin gawo yake ƙarewa, ina fafe karan dawa ina yin sarewa. Taken mutanen unguwarmu duk na iya busa su. Hajo takan tsokane ni da wasan jika, ta ce ta yi rashin sa'ar miji, wai wanda ta samu iska kawai yake nomawa.

Da sojojin suka shigo a jere, ganga da ƙahon tagulla a gaba, sai ta karkata kai tana saurare. A saninta ba a buga ganga a banza, dole a kira waɗanda suka dawo. Ta jira har masu kiɗan suka wuce mu, sannan ta saki sandar ta zauna a ƙasa.

"Gangag ga ba ta kiri Illa ba," in ji ta. "Mu koma gida."

Ni ma na duba layin, amma kowa da jar hula da kaki, ga rama, ban gane fuskar kowa ba. Sai na zaro sarewata, na bi gefen layin ina busa taken kawu iya ƙarfina. Can tsakiya wani dogo ya ɓata tafiya, na bayansa ya yi karo da shi, ya ɗaga hannu sama kamar mai riƙe da hauya, ya saki kirarinsa na gona. Hajo ta miƙe ba sanda. Daɗin da na ji ranar ban sake jin irinsa ba.

Daga baya lakwal, wato makarantar boko, ta kai ni inda ban zata ba. Na yi shekara da shekaru ina jagorantar masu kiɗan soja, na kuma koyar da malaman kiɗa har furfura ta cim mini. Ɗalibaina na yanzu sun fi ni karanta kiɗa a takarda, ina alfahari da su, sai dai da wuya ka sami mai take a cikinsu. A wani kiɗan fareti da na tsara na saƙa taken kawu a tsakiya, ba wanda ya taɓa lura. Ni dai duk ranar da aka busa shi, in ina jagorantar masu kiɗan, sai na ji hannuna ya wuce inda ya kamata ya tsaya, ya yi sama kamar mai riƙe da hauya.