Na Zauna a Shinge, Yara Suka Wuce Gasa

Bara na kulle kwamfutar jikata Saratu a akwatina har zangon karatu guda ya wuce. Kawunta ne ya aiko mata. A majalisa aka ce mini duk yaron da ke ƙura wa baƙin allon kwamfuta ido damfara yake koyo, ni kuma na hau na zauna. Da ana mayar da hannun agogo, da ban yi ba. Shi ya sa da makarantarsu ta nemi dattijon da zai raka su gasar rubuta manhaja a Birnin Kebbi, na ce ni ne.

Zuru

Muna idar da sallar asuba muka shiga tasha. Yara uku ne: Saratu, da Danjuma ɗan unguwar Rikoto, da Chinedu wanda ubansa ke sayar da kayan babur. Malamarsu Rifkatu ta yi mini bayani: ƙarfe biyu za a fara, kowace ƙungiya mutum uku a kan kwamfuta ɗaya. In mutum ɗaya ya ɓace, an cire su duka. Saratu ke warware lissafi a takarda, Danjuma ya buga, Chinedu ya farauto kuskure.

Mahuta

Mun sha ramuka. Nan muka karya da ƙosai da koko, direba yana zuba wa mota ruwa. Yaran ba su daina gardamar wata tambaya ba, ni ko kalma ɗaya ban kama ba.

Shinge

Kafin Koko masu kaki suka tsayar da mu. Wani dogo ya hango jakar kwamfutar Saratu a cinyar Chinedu.

"Kai, buɗe ta!"

Baƙin allo ya bayyana, da rubutu kore da ja.

"Ai na sani! Ɗan yahu ne. Sauko."

Malama ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ya ce shi ba yau aka haife shi ba, duk yaron da ke ƙura wa baƙin allo ido damfara yake koyo. Maganata ce sak, wadda na faɗa wa Saratu, ga ta a bakin mai bindiga.

Ya ce sauran su wuce, mai kwamfuta ya jira Oga. Yaushe Oga zai zo? Sai ya zo. Saratu ta sauko ta tsaya kusa da Chinedu, Danjuma ma haka. Fasinjoji suka fara tsaki.

Na ce, "Samari, wa ya ce maka tasa ce? Riƙo aka ba shi. A gidana take kwana. In mai ita ake tsarewa, ga ni."

"Baba, kai ne ɗan yahun?"

"Babbansu ma."

Abokan aikinsa suka tuntsire da dariya. Kunya ta sa ya ce ni in jira Oga da kwamfutar, yaran su tafi, tunda a zauren gasa akwai kwamfutoci. Saratu ta leƙo ta taga: "Kaka, maganinka na aljihun hagu."

Na yini a kan benci, kwamfuta a cinyata. A gabana motar da ta ɗauko buhuna har sama, taya na neman fashewa, ta wuce ba wanda ya ɗaga mata hannu. Amma yaro da kayan karatu shi ne ɓarawo! Sai bayan la'asar Ogan ya zo, ya leƙa allon, ya ce, "A'a, wannan ai darasi ne. Baba, yi haƙuri." Haƙurin da ya cinye mini yini.

Birnin Kebbi

Na bi ta Jega a motar albasa, na isa magariba ta yi. Ana kwashe kujeru. Sun zo na huɗu, ba kofi. Danjuma ya ce saura ƙiris a tashi Chinedu ya gano kuskuren da ya hana amsarsu shiga. Wato da an bar shi a shinge, da ko wannan babu. Mun kwana gidan yayar Malama, ta cika mu da tuwon shinkafa.

Gida

Washegari da azahar muka sauka Zuru lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Malama da yayarta. Uban Chinedu ya riƙe hannuna yana ta godiya.

Ban ga gasar da na je gani ba. Iyaye, ina roƙonku, kafin ku kulle abin da ba ku gane ba, ku kira yaron ya nuna muku. Mai kakin nan ya tsare kwamfutar yini ɗaya na kusa haɗiyar zuciya. Ni zango guda na tsare ta, Saratu ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.