Ranar da Kogin Nilu Ya Ɗauki Ummi

Ana sallame sallar asuba muka bar Mansur, unguwarmu a Makka, ni da mahaifiyata da ƙanwata. Shaguna duk a rufe, sai mai tamis na bakin layinmu da ya riga ya hura tanderunsa, ƙamshin burodin ya raka mu har cikin tasi. Masu ta aiko min saƙo suna tambayar ina na shige kwana goma sha biyu, tankinsu ya bushe ba su ga motata ba, ku yi haƙuri. Alƙahira na je, kuma ga yadda aka yi.

Ni dai sana'ata jigilar ruwa ce, tankar da muke kira wayit nake ja. Kakana ma ruwan ya ɗauka, sai dai shi a kafaɗa, da sanda da garwa biyu, yana hawa duwatsun Makka gida-gida. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru a Sudan yana neman guzuri a bakin kogi. 'Yarsa Ummi, wato mahaifiyata, a Makka aka haife ta, kuma ta taso tana jin yana ba da labarin wani ruwa mai daɗin sha da ke tafiya da kansa dare da rana, ba mai ɗauka, ba mai sayarwa. Ita kuwa ruwan da ta sani, ko dai a kawo shi a kafaɗa, ko ya zo ambaliya ya yi ɓarna ya wuce kafin la'asar. Tekun Jidda ma gishiri ne. Wata rana tana yarinya ta ce masa tatsuniya yake yi mata. Sai ya saɓa sandarsa ya fita. Maganar nan ta fi shekara sittin tana cin ta.

Da shekaru suka ja, idonta na hagu ya tafi, yanar ido kuma ta fara rufe na dama. Likitan da aka haɗa mu da shi a Alƙahira ya faɗa mana gaskiya cewa aikin zai iya yin kyau, zai kuma iya tafiya da ɗan abin da ya rage. Sai Ummi ta kafa sharaɗi: ba mai taɓa mata ido sai ta ga kogin nan da ya gangaro daga Sudan. Kwana ɗaya tak muke da shi kafin ranar aiki.

Hanyar Jidda lafiya lau, jirgi ma bai ɓata mana lokaci ba. Alƙahira ce ta tarbe mu da hayaniya. Na ɗauka na san cunkoso, tunda ina tuƙi a Makka lokacin Hajji, ashe ban ga komai ba. Direbobin can da oda suke gaisawa, da ita suke faɗa, da ita suke ba da haƙuri. Na kuma lura da wani abu: da zarar ka ce daga Makka kake, abu biyu ke tashi lokaci guda, farashi da roƙon addu'a. Mai tasin da ya kai mu masauki ya tsuga mana kuɗi ba kunya, sannan ya riƙe hannuna yana cewa in tuna da shi a gaban Ka'aba. Na tuna da shi ɗin kuwa, Allah ya shirye shi.

A masauki Ummi ta tsaya da dardumarta tana juye-juye. Matar da tun da aka haife ta ba ta taɓa tambayar alƙibla ba, yau ga ta tana jiran waya ta nuna mata. Da ƙanwata ta ce ai sallar ma raka'a biyu za ta yi tunda matafiya ce, sai ta yi dariya ta ce ashe ita ma yau ta zama baƙuwa kamar alhazan da ke zuwa mana Makka.

Washegari muka karya da wake da ta'amiya, wani ƙosai ne kore a ciki, wanda Ummi ta ce ƙosan da bai ji yaji ba ne. Da hantsi muka gangara bakin kogi, ƙarƙashin gadar nan mai gumakan zakuna. Ƙanwata ce ta yi ciniki. Hausarta a karye take, amma Larabcin Masar ta haddace shi a talabijin, ta dinga zuba shi har masu jiragen suna tafa mata. Muka samu ƙaramin jirgi mai inji da rumfa, na wani dattijo baƙi siriri, mutumin kudancin ƙasar. Rayyis ake kiran mai jirgi a can, mu ma haka muka kira shi.

Shigar da Ummi jirgi aiki ne. Katakon da aka gitta yana rawa, ita kuma ta damƙe wuyan rigata tana cewa, “Babana, kar ka sake ni, wallahi ban iya komai ba.” Sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa ba ta kiran sunana. Da ƙyar muka zaunar da ita a tsakiya, ta rungume jakarta.

Ni kuwa da na ɗaga kai na ga faɗin ruwan, sai na tsaya ina kallo. Shekara goma sha tara ina bin layi a wurin ɗiban ruwa, ina faɗa da direbobi a kan waye ya riga wani, ga shi nan yana wucewa a banza, ko mai kallonsa babu. Na fara lissafin wayit nawa za a cika kafin a ga ya ragu, na ga kaina zai yi ciwo, na bari.

Muka nufi kudu, muna fuskantar ruwan. Ta kogi garin ya fi kyau, don hayaniyar ba ta biyo ka. Manyan otal-otal sun jeru a gaɓa kamar masu jiran ɗaukar hoto, ga wata doguwar hasumiya a kan tsibiri, ga jiragen cin abinci masu hawa uku suna barci a ɗaure. A ƙarƙashin kowace gada sai ka ji motoci na rugugi a kanka, sanyi ya ɗan buge ka, sannan ka fito rana. Muka wuce wani masunci da matarsa a kwale-kwale, shi yana jan koma, ita tana tuƙi, ga tukunya a kan wuta a tsakaninsu. Rayyis ya ce nan ne gidansu. A ƙarshen wani tsibiri ya nuna min wani ɗan gini mai tsinin kai, ya ce rijiya ce da mutanen da suke auna tashin kogin da ita. Wannan kam na ji daɗinsa, ashe su ma suna leƙa tankinsu.

Duk wannan ni da ƙanwata muke gani. Rana ta taka, hasken na dukan ruwa yana dawowa, ita kuma haske mai ƙarfi shi ya fi rufe mata ido. Na ce, “Ummi, me kike gani?” Ta ce, “Fari kawai, Babana. Kamar an shanya zani.” Na kawo ta tun daga Makka, ga kogin a ƙarƙashinta, kuma ba ta gan shi ba. Ƙanwata ta juya kai tana gyara mayafi don kar a ga idonta.

Ummi ba ta son a ji tausayinta, sai ta juya wajen Rayyis da Larabcinta na Makka ta tambaye shi, “Wai ruwan nan, wace rana da wace rana ake sako muku shi?” Dattijon bai gane ba sai da ƙanwata ta maimaita. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, “Ya Hajja, tun zamanin Annabi Musa aka buɗe, har yau ba a rufe ba.” Ummi ta ce to Allah ya kyauta, amma dai su riƙa tarawa.

Da azahar muka tsaya a wani tsibiri da ya ba ni mamaki. A tsakiyar wannan ƙaton birni, ga gonakin kabeji da ayaba, ga baƙaƙen shanu a cikin laka, balbela na hawan bayansu, dogayen benaye kuma na leƙo su daga tsallake. Ko mota ɗaya babu. Mun taho da koshari, wato shinkafa da taliya da adas mai kama da ƙananan wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya, kamar uwargida ta share kicin ta juye ragowar. Amma fa akwai daɗi, na cinye nawa na taya ƙanwata.

A nan abin ya faru. Ummi ta ciro 'yar butarta da ruwan gora za ta yi alwala a gefen jirgi, tana ɗigo shi a tafin hannu kamar mai zuba turare, yadda ta saba tun tana yarinya. A gidanmu ruwan alwala ma a kwano ake tare shi a ba shuka. Rayyis ya ga haka, ya jefa bokiti a kogi ya cika shi taf, ya kwarara mata a ƙafa. Ummi ta yi kururuwa, “Haram alaik! Moya! Ruwa ne fa! Babana, tare, tare!” Ni kuma, Allah ya sani, ban san lokacin da na miƙa hannu biyu ina tarar ruwan da ke komawa cikin kogi ba. Sai da na ga ƙanwata ta durƙushe don dariya sannan na gane abin da nake yi. Ummi ma ta gane, ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce a ƙaro mata bokiti. Ranar ta yi alwalar da ba ta taɓa yin irinta ba.

Bayan la'asar muka juyo. Rana ta faɗa bayan gine-ginen yamma, ƙyallin ya mutu, ruwan ya koma kore mai duhu. Na ba Rayyis labarin kakana a taƙaice. Sai ya kai mu tsakiyar kogi ya kashe injin.

Shiru ya sauka. Na kama hannun Ummi na tsoma shi a ruwa har wuyan hannu. Ta ce, “Yana ja na.” Can sai ga wani curin kainuwa ya taho kusa da mu, kore shar a kan ruwa mai duhu. Na ga ta ƙanƙance idon dama, kanta na bin sa a hankali daga dama zuwa hagu. Ta gan shi. Ta ɗaga kai ta ga inuwar wata bishiyar dabino a gaɓa tana ja da baya, ta ce, “Wa ke tuƙa mu?” Na ce ba kowa, ruwan ne. Sai ta ce, “Baba ya ɗauki ruwa har kafaɗarsa ta yi kanta, yau ga ruwa ya ɗauki 'yarsa. Allah ya jiƙanka, Baba, ba tatsuniya ba ce.” Na yi farin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Haka kogin ya tafi da mu har kusa da gadar zakuna, Ummi na waƙe-waƙen yarinta da hannu a ruwa. Da za mu sauka ta ciro gorar Zamzam da ta ɓoyo a akwati ta ba Rayyis, don mutumin Makka ba ya zuwa wuri hannu rabbana. Ya karɓa da hannu biyu, ya juye a tulunsa don iyalinsa. Ita kuma ta karɓi gorar ta ce in cika mata da na kogin. Duk duniya daga Makka ake fita da ruwa, Ummi ce kaɗai na sani da ta shigo da shi.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ba ta iya zura zare a allura, amma tana gane fuska, har ta ce ashe na yi furfura ba wanda ya gaya mata. Sauran kwanakin na jinya ne da ruwan rake, wanda na sha har ƙanwata ta fara yi min gori.

Mun iso Mansur da yamma, maƙwabta suka cika gida da sannu da zuwa. Da aka watse Ummi ta ɗaga gorar nan a hasken taga, ta ga ruwan ya gurɓace, laka ta kwanta a ƙasa. Ta ce, “Da wannan na yi alwala?” Ta jijjiga shi, ta ce a gora ba shi da rai. Sai ta sa na riƙe ta muka fita ƙofar gida. Layinmu gangare ne, kamar yawancin layukan Makka. Ta buɗe gorar, matar da ban taɓa ganin ta zubar da ko kofi ɗaya ba, ta tuntsurar da shi duka a kan matakala.

Tafiyar nan ta koya min cewa abin da tsoho ya ce ya gani, a je a duba tun da sauran ido, kuma a kai wanda ya fi kowa buƙatar gani. Gobe zan koma layin ɗiban ruwa, wanda tankinsa ya bushe ya kira ni. Amma har yanzu ina ganin Ummi tsaye a ƙofa, tana bin ɗan siririn ruwan nan da sabon idonta yana sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, “Dubi, Babana. Ga shi yana tafiya a Makka, ba wanda ya ɗauke shi.”