Rokar da Na Hana Tashi

Ni fa ba ni na sa kaina cikin harkar roka ba, jawo ni aka yi. Shekaranjiya ina zaune kan kabu-kabuna bakin babbar kasuwa nan Maraɗi, ina latsa salula, sai na ga wai an sake ɗage harba wani kumbo sai mako mai zuwa, iska ta hana. Dariya ta ƙwace mini har mai goro ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, tsohon aikina na tuna. Ni ma na taɓa riƙe roka a ƙasa wata biyu cur, kuma da baki kawai.

Lokacin nan ne da aka fara maganar dimokuraɗiyya, kowa ya zama ɗan jam'iyya. Yau malaman lakkwal na yajin aiki, gobe ɗalibai su karɓe su. Ni abin ya yi mini daidai, na koma tasha ina taya masu esansin kwalba, wato fetur, kiran ciniki. Baba ya ga in ya bar ni Sabon Gari lalacewa zan yi, sai ya aza ni bayan mobilet ɗinshi ya kai ni Jiratawa wurin mahaifiyarshi, wai in taya ta ban ruwan albasa.

Kaka tana da rediyo guda, wanda take rufewa da ɗankwali kamar ƙwaryar nono. Na autanta ne, Baba Ƙarami, wanda ya tafi ci-rani bakin teku tun ban iya ɗaura wando ba. Kowace shekara saƙo ɗaya yake aikowa, yana nan tafe bayan girbi. A yi girbi, a ci, a share rumbu, shiru. Kullum da hantsi Kaka na shanya pil, wato baturan rediyon, kan rufin rumbu su sha rana, da azahar ta kunna, ko za a ambaci garin da yake.

Rannan a sashen Hausa aka ce akwai wani Bature da aka harba sama ya yi aiki, yana can ƙasarsu ta watse. Har filin da ake harba rokar ya faɗa cikin wata ƙasa daban, kuma an ɗage tafiyar wanda zai je ya canje shi. Daga nan suka koma kan rikicin Yamai, ba su sake waiwayarshi ba. Kaka ta ajiye kaɗin da take yi.

"Mai gidana, yana da uwa?"

Na ce, "Tsohuwa, ni na haife shi?"

Tun daga ranar ta naɗa ni tafinta. A murɗa tashar Faransanci, in kara kunne, in gaya mata yaushe rokar za ta tashi. Ni kuwa Faransancina bai wuce na zagi da na roƙon fita fitsari ba. Amma na iya tsinto sunan rana, kuma in sun ce an ɗage ina ganewa, don kalmar da mushe, malaminmu na lakkwal, ke faɗa mana ce duk lokacin da jarrabawa ta sha ruwa.

Sai Kaka ta yi alkawari, duk jajiberin tashin rokar za ta yi sadakar gumba don ta isa lafiya ta ɗauko ɗan mutane. In ba ka taɓa cin gumbar Kaka ba, ban san yadda zan yi maka bayani ba. Hatsi ne ta surfa ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, ta mulmula manya-manya. Ƙamshin na kai wa har bakin rijiya. Ga shi shekarar ta zo da ƙunci, ko a birni tuwo sau ɗaya ake yi a gidaje da yawa. Yaran unguwa su yi layi, ni kuma tafinta rabona biyu.

Sau biyu na ji an sa rana aka ɗage, tsakani da Allah. Na uku kuwa rokar ta tashi lafiya lau, bayan 'yan kwanaki aka sauko da mutumin, har an ce sai da aka tallabe shi don ƙafafunshi sun manta tafiya. Na ji da kunnena. Kaka na kallon bakina. Na dubi turmi, na dubi rediyo.

Na ce, "An ɗage. Sai Talata."

Daga nan na zama ni ne mai roka. Wannan mako in ce direba ya shiga yajin aiki. Na gaba in ce esansi ya ƙare, ana jiran na Najeriya ya iso. Har na taɓa cewa taya ta yi faci. Wan Kaka, wani tsoho daga Tibiri da bai yarda ya bar al'adun kakanninshi ba, yakan zo kan jakinshi ranar kasuwa. Da ya ji labari sai ya ce shi bai yi mamaki ba, mutum ya huda rufin gidan wasu bai ko yi sallama ba, ba jan zakara ba komai, ai dole su riƙe shi. Kaka ta ce ya rufe mata baki, Allah ke riƙewa, Allah ke sakewa. Su yi ta yi, ni ina gefe ina lashe yatsu.

Zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa daga gabas da la'asar. Wata Litinin na gatsa gumba sai na ji ɗanɗanon toka. Ko ni da ba manomi ba na san hatsin da ake cuɗawa da toka. Iri ne, wanda take ɓoyewa cikin babban gora don ƙwari. Na leƙa rumbu, ƙasa ta bayyana. Na girgiza gora, ya yi sauƙi. Ranar na ba ƙanen abokina rabona, har ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi ne.

Nan take na yanke shawara. Na tsaida ranar harbawa, Alhamis, ba fashi. Har na shirya yadda zan yi ƙirga da Faransanci daga goma zuwa sifiri, in yi tsalle, Kaka ta yi guɗa, a huta.

Baba ya zo ranar Laraba.

Ya zo ne a shirya shuka, ya tarar da tsohon Tibiri zaune a zaure. Baba ya ɗaga goran iri da hannu ɗaya, ya sake girgizawa, ya ce, "Inna, ina iri?" Kaka ta gaya mishi komai, har da facin taya.

Baba ya ce, "Wace roka? Mutumin da ya koma gida tun kafin ƙaramar salla?"

Ban san tsakar gidan Kaka na da faɗi haka ba sai da na nemi wurin ɓuya na rasa. Kaka ba ta ko dube ni ba. Ta kama hannun Baba ta ce, "Ya sauko? Ya iske uwa tasa?" Baba ya ce shi ina zai sani. Ta ɗaga hannu sama ta yi ta alhamdu lillahi, hawaye na bin kuncinta. Ni dai da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

Yanzu Kaka ta daɗe a ƙasa. Rediyon na wurina, ba ya magana. Roka kuwa ta zama kamar motar Dakoro, wannan na tashi wannan na jiran lodi, ɗana ma na kallonsu a salula yana hamma. A ɗage, a sake ɗagewa, babu mai jiƙa hatsi don waɗanda ke can sama suna jira.

Amma waccan Larabar ba a kaina aka ƙare ba, kan Kaka faɗan ya koma. Baba ya zare igiyar akuya yana nema na, yana faɗa. Tsohon Tibiri na dariya yana cewa da zakara ɗaya aka yanka da an yi arha. Baba ya ce, "Haba Inna! Ruwa na bisa kanmu, ki kwashe irin shekara ki daka saboda wani Bature da bai ma san akwai Jiratawa a duniya ba?"

Kaka ta share ido da bakin zane, ta karɓe igiyar daga hannunshi.

Ta ce, "Wadda ke ba ƙanenka ruwa a can bakin teku, ita ta san Jiratawa?"