Usta Lutfi da Notin da Ya Kalli Ƙasa

Kullum da safe, kafin mai burodi ya gama jera kayansa, Usta Lutfi ya riga ya ɗaga ƙofar garejinsa da ke bakin gada a nan garinmu Gramsh. Bakanike ne, Usta kuwa laƙabin girmamawa ne da muke yi wa gwanin sana'a. Zai ɗora kofi a ɗan risho, ya jawo kujerar motar nan da ya mayar wurin zama, ya zuba wa titi ido. Ba mutane yake kallo ba, tsayuwar motoci yake kallo. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai rufe, gwiwoyi sun ce sun gaji.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, aji huɗu na tsaya. Abin da na gani da idona shi zan rubuta.

Kowa ya san ɗabi'arsa. Mota ta sauko daga dutse, sai ya zagaya ta yana ɗora bayan hannunsa a kan kowace ƙafa, kamar uwa mai duba zazzaɓi. In ɗaya ta fi sauran zafi, to birkinta ya cije. An gan shi ya zare makullin motar haya cike da 'yan biki, direba na zagi, dangin amarya na zagi, shi kuwa ya shige ƙarƙashin mota abinsa. Da ya fito da fatar birkin, ta cinye saura ƙarfe, sai zagi ya ƙare. Ba ya faɗa da kowa. Makulli kawai yake riƙewa.

Nawa labarin ya faro da rasuwar maigidana, Servet, Allah ya jiƙansa. Ya bar mana tsohuwar Marsandi mai shan dizal, wadda ta girmi 'yarmu Teuta. Bai taɓa yarda wani ya sa mata sifana ba, har Lutfi, abokinsa tun suna soja. Mako guda kafin a kwantar da shi asibiti, ya sayo sababbin ƙarafan nan biyu da ke cije faifan birki na ƙafafun gaba. Ni muƙamuƙi nake ce musu. Ya ɗaura su a tsakar gida, yana yi yana hutawa. Ni na zauna a kujerar direba ina taka masa birki don iska ta fita, kamar yadda na saba shekara talatin. Muka taka, muka taka, birki ya ƙi tauri. Ya ce, "Bari sai gobe, Nadire." Goben ba ta zo masa ba.

Ana jibi arba'in ɗinsa, Teuta ta fito da motar, don a ƙauyensu aka binne shi, bayan dutse, kuma hanyar gangara ce mai kwana-kwana. Ta je garejin a ƙara wa tayoyi iska kawai. Sai ga ta ta dawo gida a ƙafa.

"Mama, Baffa Lutfi ya ƙwace makulli. Wai na taka birki sau uku kafin na tsaya, kuma sai da na wuce ƙofarsa."

Na yafa baƙin gyalena na fita, raina a ɓace. Na same shi ya ɗaga motar a jak, ya cire ƙafafun gaba ya ajiye a ƙasa.

"Wa ya ba ka izini, Lutfi? Aikinsa na ƙarshe ke nan a duniya. Ko kwana arba'in bai cika ba za ka kwance masa?"

"Zauna ki sha kofi, 'yar'uwa."

"Ban zo shan kofi ba. Ba ni makullina."

"Su wa za su shiga motar jibi?"

"Ni da Teuta da 'yarta."

"To makulli na aljihuna. Ki kira 'yan sanda in kin so."

Sai ya kama hannun rigata ya ja ni gaban ƙafar motar. Ya nuna mini wani ɗan noti a jikin muƙamuƙin, ƙarami kamar ƙwayar wake.

"Ta nan iska ke fita. In kin ɗora ruwa a wuta, kumfa sama take yi ko ƙasa?"

"Sama mana. Ka mai da ni yarinya?"

"To ina notin nan yake kallo?"

Ƙasa yake kallo. Na ɗaya ɓangaren ma haka. Servet ya ɗaura muƙamuƙin hagu a dama, na dama a hagu, shi ya sa suka kife. Da za mu shekara muna takawa, iskar tana can sama ta maƙale, ba ta da ƙofa.

Na tsaya. Ina jira ya ce mijina bai iya ba, ko ciwo ya ci idonsa, in wanke shi tas a gaban jama'a. Sai ya goge hannu da tsumma, ya ce:

"Kayan da ya saya masu kyau ne, ɗaurin ma ni kaina sai haka. Amma Nadire, mutumin nan tun muna soja bai san hagu da dama ba. A ce hagu juya, sai ka gan shi shi kaɗai ya nufi kicin."

Dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun ranar da aka fita da shi. Daga nan kuka ya biyo. Lutfi ya juya baya yana neman wata sifana da ke hannunsa, har na gama.

Bai jefar da kayan Servet ba. Ya kwance su, ya mayar da kowanne gidansa. Faya-fayan ne ya ce ba ya tausaya musu, sun sirance, bakinsu ya yi kaifi kamar murfin gwangwani. Ya sa sababbi biyu da sabuwar fata. Sannan ya buɗe mini ƙofar direba.

"Shiga. Ke kika fara aikin nan, ke za ki ƙarasa."

Na zauna inda na zauna ranar nan. Muryarsa na fitowa daga ƙarƙashi: "Taka. Taka. Riƙe! Saki." Kalmomin Servet ne sak. A karo na shida ko na bakwai, birkin ya tokare ƙafata kamar na taka dutse. Na ce, "Ya yi tauri, Usta." Ban taɓa ce masa Usta ba sai ranar.

Ranar arba'in muka kama hanya, tiren halwa, alewar da muke rabawa sadaka, a cinyata, jikata a baya. A gangara ta uku, muna shan kwana, sai ga motar katako ta mutu a tsakiyar hanya. Dama rami, hagu dutse. Teuta ta taka sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Motar ta tsaya cak, halwa ta kife a ƙafafuna. Tsakaninmu da gungumen da ta ɗauko bai fi tsawon tabarma ba.

Na fito. Ban san lokacin da na ɗora bayan hannuna a ƙafar motar ta hagu ba, na zagaya na ɗora a ta dama. Ɗuminsu ɗaya.

Usta Lutfi, kai ne ka gwammace in zage ka da ka bi gawarmu. Kai ne ka gyara kuskuren mamaci ba ka zubar masa da mutunci ba. Mai riƙe makulli, na gode. Allah ya hutar da gwiwoyinka.

Ku masu garejin da za ku rage bayansa, ku koyi kallon tsayuwar mota, ku koyi cewa a'a ko da mai makoki ce a gabanku, ku kuma koyi yadda ake faɗinta.

Da muka isa kabarin, na durƙusa na ce, "Servet, kayanka ne suka tsayar da mu. Lutfi dai ya nuna musu hagu da dama."